Yadda Ummi ta shiga makarantar Sistoci a Jos

Tun ranar da na ɗora hoton Ummi da kayan Fulani a status, wanda aka ɗauke ta a bikin al'adu na makarantarsu, mata ke ta kirana, wasu kuma sai mun haɗu a gidan suna ko biki su ja ni gefe, wai Maman Ummi da gaske makarantar Katolika kuka saka yarinyar nan? Ya akayi Babanta ya yarda? Hajiya fa? Na gaji da bada labarin gutsi-gutsi shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda ya faru, da daɗinsa da rashin daɗinsa, sunan makarantar ne kawai ba zan faɗa ba.

Mu a wajen Bauchi Road muke zaune. Wanda ya san Jos ya san me hakan ke nufi, tun rikicin 7 ga Satumba 2001, aka sake a Nuwamban 2008, aka kuma sake a Janairun 2010, garin nan ya rabe kowa ya tattara ya koma cikin nasa, akwai unguwannin da rabona da in taka su tun ina budurwa alhali da can muna zuwa cin shinkafar Kirsimeti a cikinsu su ma su zo mana yawon sallah. To a irin wannan garin kace zaka ɗauki 'yarka ta fari ka miƙa ta hannun Sistoci ai ba ƙaramar magana bace.

Sana'ata saida atamfa da leshi a gida, kuma ina da wata kwastoma Maman Kaneng, 'yar Birom ce, tana cikin Zumuntar Mata Katolika, duk sanda zasu yi anko a wajena take ɗauka. Wata rana a 2022 ta zo da 'yarta Kaneng, sa'ar Ummi ce kusan wata biyu ne tsakaninsu, muna cikin ciniki kawai naji yarinyar nan tana karanta rubutun da ke jikin takardar atamfa, harafi bayan harafi har ta haɗa kalmar. Wallahi sai da na ajiye abin da ke hannuna. Ummi a lokacin shekararta biyu a wata nazare nan kusa da mu, gida ne aka mayar makaranta, ba filin wasa, kowane zango sabuwar malama, ABCD kam ta iya rerawa kamar waƙa amma ki nuna mata harafi ɗaya shi kaɗai sai ta tsaya tana kallonki. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Baban Ummi bai ce a'a ba bai kuma ce to ba, yace in bashi lokaci. Shi dama yana girmama Akbishop Ignatius Kaigama, babban limamin Katolika, tun zamanin da yake Jos kafin a mayar da shi Abuja a 2019, yakan bani labarin abotarsa da marigayi Sarkin Wase Alhaji Haruna Abdullahi, yadda suke fita tare suna kiran mutane a zauna lafiya a lokacin da gari ke hayaƙi. Amma yace girmama mutum daban, bashi tarbiyyar 'yarka daban. Inda gizo ke saƙa Hajiya ce, mahaifiyarsa, don Ummi sunanta ta ci shi yasa ma muke kiranta Ummi. Da maganar ta je kunnenta cewa tayi takwararta ba zata je a koya mata waƙar coci ba, magana ta ƙare. Ni dai suruka ce ba ni da bakin ja da ita, na ja bakina nayi shiru. Yayarsu Baban Ummi ce, Anti Babba, Allah ya saka mata da alheri, ta same ta tace Hajiya ai dukkanmu a asibitin Katolika na OLA kika haife mu, Sistocin da kika ba amanar ranki a kan gwiwa su ne dai waɗannan, kuma mahaifin matar nan makarantar mishan yayi kin sani, har ya koma ga Allah bai taɓa fashin asuba a jam'i ba. Gaskiya ne kuwa, Babana Allah ya jiƙansa a hannun 'yan mishan ya koyi boko. Hajiya tace to a je a gani, amma idan taga canji ko na ƙwayar zarra a yarinyar da kanta zata je ta ɗauko ta.

A watan Yuli na je siyan fom. Suna neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ba wadda asibiti ke badawa ba, da katin rigakafi, da hoton fasfo, da sakamakon tsohuwar makaranta. Takardar haihuwar ce ta ɗan wahalar da ni don bamu taɓa karɓa ba, sai da nayi sahu biyu, don haka duk mai niyya ta fara da wannan tun wuri. Aka sa mana ranar jarabawar yara, Ummi ta shiga ta fito tana murna wai an bata alawa, sakamako kuma ya fito ba yabo ba fallasa, lissafi da dama-dama karatu kuwa ƙasa sosai.

Sai intabiyun iyaye, kuma suka ce dole uwa da uba su zo tare, ba aike ba wakili. Baban Ummi ya rufe shagonsa na Dilimi rabin yini yana ta mita a hanya wai shi ba aikin gwamnati yake nema ba. Ofishin Sista shugabar makaranta ɗan ƙarami ne tsaf-tsaf, ga gicciye a bango, ga hoton Paparoma Francis, ga na Akbishop Matthew Audu wanda ya gaji Kaigama a 2020. Ina zama gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, nace a raina yau ni ce a nan. Sista ta gaishe mu da Hausa tar, har da ina gajiya ya sanyi, sannan tace Mama faɗa min cikakken sunan yarinya. Nan fa na daskare, sunan surukata ne ga ɗanta zaune a gefena, ban taɓa furta shi a gabansa ba, sai kawai na miƙa hannu na nuna mata kan fom. Tayi murmushi tace ta gane, sunan kaka ne ko, to a rajista zamu rubuta na gaskiya amma ke zan dinga kiranki Maman Ummi. Wannan ɗan abin shi ya fara kwantar min da hankali.

Tambayoyinta ba irin wanda na zata bane. Ƙarfe nawa yarinya ke kwanciya, wa ke zama da ita idan zata yi aikin gida, akwai talabijin a ɗakin da take kwana, wa zai dinga ɗauko ta kuma idan shi bai samu zuwa ba wane ne na biyu, a kawo hotonsa. Daga nan ta gyara zama tace bari ta faɗa mana gaskiya tun yanzu don kar gobe a ce an ɓoye. Nan makarantar Katolika ce, ana addu'a da safe a asembili, ana yi ƙarfe 12 na rana, ana yi kafin cin abinci, wasu ranakun Fada, limaminsu, yana zuwa ayi Mas, wato babbar ibadarsu. Yaron da ba Katolika ba zai zauna cikin natsuwa tare da 'yan ajinsu, ba mai sa shi ya durƙusa, ba mai bashi Kominiyon, wato gurasar da suke karɓa wajen ibada, don ko Kiristan da ba ɗan Katolika ba ba'a bashi, ba kuma mai sa shi a ajin katikizim inda ake koyar da addininsu. Ba su da malamin addinin Musulunci, wannan nauyinmu ne a gida. Baban Ummi yace hijabi fa Sista? Tace yunifom ɗaya ne ga kowa, hula ce da siket har ƙasan gwiwa da doguwar safa, ba zata yi mana alƙawarin abin da ba zata iya cikawa ba.

Maganar hijabin nan ta tsaya min a rai kuma har yau tana nan. Sati guda muna juya ta. Abin da muka tsaya a kai shi ne yarinya shekararta 6, zata fita gida da hijabinta a kan yunifom, a bakin get ta cire ta ninke a jaka, ana tashi ta mayar, sannan Islamiyya ƙarfe 4 zuwa 6 ba fashi, Asabar da Lahadi kuma hadda da safe, kuma idan ta gama aji 6 zamu sake zama. Kafin mu fita ofis ɗin ranar Sista ta faɗi wata magana da ban ɗauke ta da nauyi ba sai daga baya, tace mu nan ba yaro kaɗai muke ɗauka ba, har gidansu muke ɗauka.

Satumban 2022 ta fara aji 1. Rayuwar gidanmu gaba ɗaya ta juye. Ƙarfe 5 na tashi, in ɗora ruwan zafi, sallah, in haɗa abin karyawa da na kula, ƙarfe 7 saura mai keken da muka yi haya da wasu gidaje biyu yana ƙofa, tunda kun san an daɗe da hana acaɓa a cikin Jos. Ƙarfe 7 da rabi ake rufe get, kuma idan yaro ya makara ba shi ake tsarewa ba, wanda ya kawo shi ne zai shiga ya sa hannu a littafi ya rubuta dalili. Sau ɗaya na shiga littafin nan ban sake ba. Lokacin hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, wanda bai taɓa yi wa yaro wanka da asuba a Jos ba ba zai gane ba, man kaɗe da basilin a kowace kafa, suwaita biyu, ta ciki tamu ta waje ta makaranta, yarinya na fita baki na hayaƙi.

Sai dayari. Wani ɗan littafi ne da ke tafiya tsakanina da Antin ajinsu kullum, ta rubuta aikin gida da abin da ta lura da shi, ni kuma in duba in sa hannu, idan ban sa ba washegari waya zata shigo. A cikinsa ta rubuta min cewa kullum in zauna da Ummi minti 20 ta karanta min da ƙarfi, ko ban gyara mata komai ba in dai saurara. Haka muke yi bayan isha'i, tana karatu ina ninke atamfofi. Kafin hutun Ista yarinyar nan ta fara karanta allunan shaguna idan mun shiga Terminus, tana jan hannuna Mama tsaya in karanta wancan.

Yanzu bari in zo kan abin da kowa ke son ji. A zango na farko, wata Asabar muna zaune tsakar gida da Hajiya an zubo abinci, Ummi ta wanke hannu ta zauna, kawai sai naga ta ɗaga hannu ta taɓa goshi ta taɓa ƙirji ta taɓa kafaɗu. Alamar gicciye. Jikina yayi sanyi ƙalau kamar an kwara min ruwan randa. Hajiya bata ce uffan ba, ta ture kwanon ta tashi ta shige ɗaki, wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ita kuwa yarinyar ko a jikinta, da na tambaye ta tace ai haka kowa ke yi a aji kafin a buɗe kula. Ban dake ta ba, me ta sani. Daren nan nayi kuka nace ko dai na cuci 'yata ne saboda boko.

Litinin da sassafe na tafi makarantar ba tare da an kira ni ba. Na zata Sista zata kare kansu, amma ta saurare ni har na gama, ta aika aka kira Antin, a gabana tace mata yaran Musulmi da ke ajinki su nawa ne, tace huɗu, tace daga yau idan za'a yi addu'ar abinci ki ce musu su yi tasu yadda aka koya musu a gida, kuma ki tabbatar sun yi. Ta juyo tace Maman Ummi yaro abin da ya gani yake kwaikwaya, mu zamu kula a nan, amma ke ma ki zaunar da ita ki faɗa mata ita wace ce, kar ki bar ta tana tsinta a hanya. Maganar ta shige ni, don gaskiya na sakar wa malaman Islamiyya komai ina ganin an gama.

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Duk abin da ta gani a makaranta ta zo ta tambaye ni, ni kuma in amsa, wanda ya fi ƙarfina mu kai wa malaminsu na Islamiyya. Ta tambaye ni ƙararrawar ƙarfe 12 da kowa ke tsayawa cak, addu'ar da suke kira Anjelus, Maman Kaneng ta min bayani cewa tuna lokacin da Mala'ika Jibrilu ya zo wa Nana Maryam da albishir suke yi. Sai na buɗe mata Suratu Maryam muka karanta da fassara, na nuna mata inda muka haɗu da su da inda muka rabu, cewa mu Annabi Isa Alaihissalam bawan Allah ne kuma manzonsa, Allah bai haifa ba ba'a haife shi ba kamar yadda take karantawa kullum a Ƙulhuwallahu. Yanzu idan an kaɗa ƙararrawar tana tsayawa shiru don girmama mutane tana salati a zuciyarta. Ni kaina sai da na koma bita saboda tambayoyin yarinyar nan. Hajiya ta kwana biyu tana fushi, abin da ya sauko da ita shi ne ranar da Ummi ta biya mata izu ɗaya ba gargada.

Ofin de kuma wata jarabawar ce ta daban. Rana ce da iyaye ke zuwa aji su zauna a kan 'yar kujerar yaro a buɗe musu littattafansa ɗaya bayan ɗaya. Antin ta gama nuna min tace to Mama ki faɗa wa Ummi abin da ya burge ki, ki rungume ta. Ni da aka tarbiyyantar da kunyar ɗan fari, a gidanmu uwa ko sunan 'yar fari bata kamawa balle ta yabe ta a bainar jama'a, sai naji nauyi ya rufe ni, ga sauran iyaye nata rungumar nasu ga Ummi ta zuba min ido tana jira. Na dafa kanta nace Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari. Yadda fuskarta ta washe ranar har yanzu ina gani. A gaban Hajiya ina nan da kunyata ban fasa ba, amma idan mun shiga ɗaki mu biyu ina faɗa mata.

Kuɗi kam ana kashewa, kar wanda ya ruɗe ku wai makarantar mishan sadaka ce. Sun fi manyan firabet na Rayfield sauƙi nesa ba kusa ba, amma ga kuɗin zango ga littattafai ga kayan wasanni ga na yawon buɗe ido, shekarar farko gidan tarihi na Jos da gidan zu aka kai su. Zango na biyu ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, ba tsabar kuɗi a hannu, taransfa ta maƙale kwana da kwanaki, masu POS na yanka mutane, nan kam makarantar ta yi mana adalci don ba yaron da aka kora, aka ce kowa ya zo ya rubuta ranar da zai iya biya. Bamu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mai kekenmu ya ninka kuɗinsa, makaranta ma ta turo takardar ƙarin kuɗi.

Taron PTA na wannan ƙarin shi ne na farko da na buɗe baki. Da can ina zuwa ne in zauna a baya in sa hannu in tafi, kuma duk wanda bai zo ba akwai tara. Ranar hol ya cika, aka yi ta hayaniya, wani uba yace a rage albashin malamai wata uwa ta miƙe tace malaman su ma mai suke siya. Fada da Sista suka kawo lissafin dizal da albashi da alli aka rubuta a allo kowa na gani. Ban san sanda na ɗaga hannu ba, nace ni da Hausa zan yi, aka ce bismillah Mama ai Jos muke. Nace mu 'yan kasuwa kuɗi ba ya zo mana a dunƙule, a bari mu biya kashi uku a zango, sannan littattafan da yara suka gama da su a dinga tarawa ana ba na bayansu. Aka tafa, aka amince, kafin in zauna an saka sunana a kwamitin littattafan. Yanzu duk ƙarshen shekara ni da Maman Kaneng da wasu iyaye uku muke zama mu ware, mu liƙe wanda ya yage, mu rubuta sunaye.

Akwai inda na ja layi kuma ba wanda ya matsa min. Lokacin bikin godiyar kaka da baza na cocinsu an rabo ambulan, na samu Sista nace abin da ya shafi makaranta kamar rijiyar burtsatse da wasannin intahaus zan bada da zuciya ɗaya, na coci kuma ta yi min uzuri, tace ba komai dama ba dole bane. A bikin al'adu kuwa ni na ɗauki nauyin rumfar Hausa-Fulani, kuma ku ji ikon Allah, Hajiya da kanta ta ce zata je ta ga inda ake kai takwararta. Ta zauna da ƙwaryarta da ludayi tana dama fura yara sun yi layi, gefenmu matan Birom da gwate da tuwon acca, can Ngas can Tarok can Ibo kowa da rumfarsa. Da aka tashi yin taken ƙasa, tsohon nan da aka dawo da shi a Mayun 2024, naga bakin Hajiya na motsi, ashe shi suka rera a firamare kafin a canza shi a 1978. Ranar ce aka ɗauki hoton da kuka gani.

Azumin 2025 ya zo tare da nasu, mu muka ɗauka 1 ga Maris su kuma Larabar Toka ta kama 5 ga wata. Ummi ta dawo tana bani labarin kowa da toka a goshi har Sista, kuma an ajiye akwati a kowane aji yara na jefa abin da suka rage daga kuɗin alawa za'a kai gidan marayu. Ita ma lokacin ta fara gwada azumi, rabin yini take yi Hajiya tace zata ɗinke mata biyu su zama ɗaya. Na rubuta a dayari, Antin ta dinga barinta a laburare lokacin cin abinci don kar ta zauna tana kallon bakin mutane. Da Paparoma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu ana hutu, na kira Maman Kaneng da Sista na yi musu gaisuwa kamar yadda su ma suka zo min har gida lokacin rasuwar ƙanwar mahaifiyata.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba wata Laraba ce da jita-jita ta tashi wai gari ba lafiya. Kun san Jos, mutum ɗaya ya ruga sai kasuwa ta watse. Mai kekenmu ya kashe waya, Baban Ummi ya maƙale a Dilimi, ni kuma an hana ni fita, girup ɗin iyaye na WhatsApp sai saƙo ke shigowa makaranta na cewa yara na cikin get ba wanda za'a ba sai wanda hotonsa ke fayil. Ina ta zagaye tsakar gida ina Innalillahi. Sai ga kiran Maman Kaneng, tace Maman Ummi gani a makaranta, ki yi wa Sista magana ta bani ita, gidana ya fi kusa, 'yata ce. Unguwarsu na cikin wanda rabona da su tun 2008. Na yi shiru na ɗan lokaci sannan nace a bata. Da la'asar ƙura ta lafa, ashe ba komai bane, muka tafi ni da Babanta. Muna shiga na tarar an shimfiɗa mata sabon zani a ƙuryar falo ta yi azahar da la'asar, mijin Maman Kaneng ne ya fita ya duba rana ya nuna mata gabas, kuma shayi da burodi da ƙwai kawai suka bata don basu son su bata abin da zan yi kokwanto. Na rasa bakin godiya sai hawaye. Baban Ummi da maigidan suka zauna a waje suna hira har magariba ta kusa, ashe ajinsu ɗaya da wani yayansa a sakandare.

Ba wai komai ya min daidai ba. Hijabin nan har gobe idan naga tana cire shi a bakin get sai naji wani abu a ƙirjina, kuma yanzu ta shiga aji 4 tana girma, na sake tada maganar a PTA an ce za'a duba, shiru har yau. Ba wurin sallah, sai ta dawo gida wajen ƙarfe 2 da rabi take yin azahar. Sannan dokar hana yaren gida a harabar makaranta tana bani haushi ƙwarai, yaro ya yi Hausa ko Birom a rubuta sunansa, alhali Fada da kansa da Hausa yake wa'azi a coci, kuma Ummi ce ta zo min da aikin gida cewa tun 1907 limaman Katolika na farko suka sauka Shendam, to mutanen da suka fi shekara ɗari a ƙasar nan ai sun san darajar harshen mutane. Na faɗa wa Sista haka ido da ido. A gida dai na kafa tawa dokar, ana shigowa zaure Turanci ya tsaya a waje, dare kuma Hajiya na musu tatsuniya.

Maganar sakandare bamu yanke ba tukuna. Maman Kaneng na ta min zancen St. Louis, sakandaren 'yan mata ta Katolika, Babanta kuma ya fi karkata ga ta rubuta kwaman entirans ta gwamnatin tarayya ko mu nemi makarantar da zata sa hijabinta a sake, ni ma can zuciyata ta fi kwanciya. Akwai sauran shekara biyu.

Satin da ya wuce na je na karɓo wa ƙaninta Abba fom, wannan karon takardar haihuwarsa na hannu tun yana wata uku. Sista tace kin dai san doka Maman Ummi, uwa da uba tare. Da na dawo ina faɗa wa Babansu ranar da zai rufe shago, Hajiya daga ɗaki ta ɗago murya tace a shaida wa Sistar su uku zasu zo, tana da tambayoyin da zata yi mata da bakinta, kuma a tuna mata ta tafi mata da fura.